Yanda zaka haɗa ban ruwan ɗigo a lambun bayan gida

Duk mai ɗan lambu a bayan gida yasan yanda ban ruwa da bokiti ko tiyo yake, ka kwarara ruwa da safe ƙasa ta jiƙe sharkaf har yana malala inda ba'a aike shi ba, kafin la'asar saman ya bushe yayi ɓawo, ita kuwa ciyawa tana ta godiya don ita ta fi kowa cin riba. Ban ruwan ɗigo yana maganin wannan, domin ruwan a gindin shuka yake sauka ɗis ɗis kamar yanda ake ƙarawa mara lafiya ruwa a asibiti, ba ya taɓa ganye, ba ya bin hanya, kai tsaye saiwa yake nema. A ƙiyasin hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, idan ban ruwan malale kake kusan kashi 60 cikin 100 ne ke amfanar shuka, na feshi kusan 75, na ɗigo kuma wajen 90. Ga kuma ganye a bushe, wanda hakan ke rage cututtukan da laima ke kawowa tumatir da kokwamba da makamantansu.

Haɗa shi ba wani aikin injiniya bane, da wuƙa mai kaifi da ɗan haƙuri zaka gama a wuni ɗaya. Inda mutane ke faɗuwa guri biyu ne kawai, basu tace ruwan ba, ko kuma basu san yawan ruwan da suke bayarwa ba. Shi yasa a kan waɗannan biyun zan fi daɗewa.

Kafin ka sayi komai ɗauki takarda ka zana lambun. Auna tsawo da faɗin kowane fangali, ka nuna inda ruwa zai fito, ka duba ta ina ƙasar ta gangara. Idan akwai gangara layukan ɗigon su gitta ta, kada su bi ta, in ba haka ba ruwan duk zai tattare a ƙasa na sama su zauna da ƙishi. Sannan ka haɗa masu shan ruwa iri ɗaya guri guda, latas da kabeji masu gajeriyar saiwa da son laima kullum a ɓangare ɗaya, tumatir da tattasai da kankana masu zurfafa saiwa a wani ɓangaren, kowane ɓangare da bawul ɗinsa na buɗe ruwa da rufewa. Wannan ɗan bawul ɗin kada ka raina shi, ranar da ka cire amfanin fangali ɗaya sauran na nan zaka gane amfaninsa.

Toh sai maganar inda ruwan zai fito. Ko dai daga famfon gida mai ƙarfi, ko daga duro ko tanki da ka ɗora a sama ruwa ya gangaro da kansa. Kowanne da halinsa kuma kayan da ke aiki da wannan ba lallai suyi da wancan ba. Ƙarfin ruwa da ma'aunin bar ake faɗinsa, kuma lissafin mai sauƙi ne, duk tsayin mita 10 na ruwa bar 1 ne, kenan duro da ka ɗaga mita 1 yana baka bar 0.1 kacal, mita 2 kuma 0.2. Famfon gida kuwa yakan kai bar 2 zuwa 4 wani ma ya wuce, alhali siririn tef ɗin ɗigo, wato bututun nan mai laushi kamar leda, bai son abinda ya haura bar 1, ka sake masa famfo gaba ɗaya sai ya kumbura ya fashe ko mahaɗai su dinga fincikewa. Don haka mai famfo dole ya sa regileta mai rage ƙarfi zuwa wajen bar 1, ya kuma sa bawul mai hana ruwa komawa baya, saboda idan ruwa ya ɗauke bututu yakan zuƙo abinda ke cikin layukan lambu ya mayar cikin ruwan da ake sha a gida, in ka taɓa sa taki a ciki kaga ai ba daɗi. Jerin shine famfo, bawul ɗin hana komawa, taima mai buɗe ruwa da rufewa da kanta in kana so, filta mai tace ruwa, regileta, sannan babban bututu. Filta kafin regileta, don itama regiletar datti na lalata ta.

Mai duro bashi da ruwa da regileta, shi matsalarsa ƙarancin ƙarfi ne. Ka ɗaga duron aƙalla mita 1, in ka samu 1.5 zuwa 2 yafi. Amma fa ka tuna lita 1 na ruwa kilo 1 ne, duro mai lita 200 in ya cika kilo 200 ne a saman kanka, don haka teburin da zai zauna a kai ba na wasa bane, bulo ko ƙarfe ko katako mai kauri da aka kafe sosai, kuma saman ya zama a daidaice, musamman in akwai yara a gidan. Kan famfon da zaka sa a jikin duron kada ya zama can ƙasa ƙasa, ɗaga shi kamar santimita 5 zuwa 10 don laka ta samu inda zata kwanta. Duron ya zama baƙi ko dai wanda haske baya ratsawa, kuma a rufe ruf, don da zarar rana ta samu ruwa gansakuka zata fito, ita kuwa gansakuka babu abinda ya kaita toshe idon ɗigo, wato 'yar kafar da ruwa ke ɗigowa ta cikinta, ga sauro kuma. Kuma don Allah kada ka ɗauko duron da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko wani sinadarin da baka sani ba, abinci zaka shuka.

Nasan wani zai ce me zai sa in sayi bututu na musamman, ai sai in samu tiyo in bi shi da allura ina hudawa. Yana yi na ɗan lokaci a gajeren layi, amma abinda zaka gani shine hudojin farko suna tsartuwa na ƙarshe ko ɗis, kuma ƙaramar huda ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta rufe ta. Wannan matsalar ce wani injiniyan ruwa a Isra'ila mai suna Simcha Blass ya warware wajen 1959, maimakon ƙaramar huda sai ya sa ruwan ya bi wata doguwar hanya cikin ɗan roba har ƙarfinsa ya karye kafin ya fito, daga nan aka kafa kamfanin Netafim a 1965. In ka yanka idon ɗigo na yanzu ka duba zaka ga wata siririyar hanya mai lanƙwashe lanƙwashe a ciki, ita ce duk sirrin, ita ke sa ido na farko da na ƙarshe su bada ruwa kusan daidai. A Amurka kuma Richard Chapin ne ya fito da siririn tef ɗin nan a farkon shekarun 1960.

A kasuwa iri uku zaka tarar. Akwai tef, shafal yake kamar leda, da idanunsa a ciki kowane santimita 20 ko 30, yana aiki da ƙaramin ƙarfi kuma yafi sauƙin kuɗi amma baya daɗewa, kaka ɗaya zuwa 'yan kakanni gwargwadon kaurinsa da yanda ka kula dashi. Akwai bututu mai kauri na milimita 16 shima da idanu a ciki, wannan yana shekaru. Sai kuma bututu zalla wanda kai zaka huda ka maƙala idanu inda kake so, masu bada lita 2 ko 4 ko 8 a awa, wannan yafi dacewa da shukokin da ke nesa da juna ko na cikin tukwane da buhuna, inda ake jan wani ɗan siririn tiyo na milimita 4 zuwa kowanne. Ni dai a ganina ga kayan lambu na layi, bututu mai idanu a ciki kowane santimita 30 ya wadatar. Abu ɗaya da mai duro zai kiyaye, akwai idanun da ake rubuta PC a jikinsu, masu daidaita ƙarfi da kansu, suna da kyau ƙwarai a famfo da guri mai gangara amma yawancinsu sai ƙarfi ya kai wajen rabin bar ko fiye suke aiki yanda ya kamata, duro mai tsayin mita 2 bazai iya dasu ba. Kai dai nemi na gama gari. Haka taima, da yawa cikin masu batir sai da ƙarfin ruwa suke buɗewa, in duro gareka tambayi wadda aka yi don tanki.

Tazarar idanu kuma ƙasarka ce zata faɗa maka. A ƙasa mai yashi ruwa miƙewa yake ƙasa a tsuke baya yaɗuwa gefe, don haka idanu su matso kusa, santimita 20 zuwa 30, kuma a bada ruwa kaɗan kaɗan akai akai. A ƙasa mai laka yaɗuwa yake a hankali, tazarar 40 zuwa 50 ma tayi, a daɗe ana bayarwa amma a jinkirta kafin a sake. In kana son ka gani da idonka, huda gorar roba ƙaramar huda ka cika ta ka ajiye a busasshiyar ƙasa, washegari ka tona gefen ka ga faɗi da zurfin inda ya jiƙe.

Yanzu filta. Wallahi in kuɗinka bai isa komai ba gara ka rage tsawon bututu da ka bar filta. Hanyar cikin idon ɗigo bata kai milimita 1 ba a mafi yawansu, ruwan da kake gani garau a kofi yana ɗauke da yashi da ɓurɓushin da zasu taru a ciki, kuma in ido ya toshe a cikin tef babu yanda zakayi dashi sai dai ka yanke gurin. Nemi mai lamba 120, wato mai tare duk abinda ya kai maikuron 130 (maikuron 1000 ne milimita 1), in ruwan rijiya ne ko na rafi ko na sama da aka tara to mai lamba 150 ma yafi. Akwai mai raga akwai mai faifai da aka jera, na ragar ya isa in yashi ne kawai matsalarka, na faifan yafi riƙe gansakuka da yauƙi. A jikin filta akwai kibiya mai nuna inda ruwa zai bi, duba ta kafin ka ɗaura. Kuma ka sa shi inda hannunka zai kai ba wahala, don filtar da buɗe ta ke da wuya ba wanda ke wanke ta. Ruwan burtsatse mai barin jan tabo a bokiti ƙarfe ne a cikinsa, irin wannan ka barshi ya kwana a wani duron a buɗe tsatsar ta kwanta sannan ka juye na saman.

Wajen shimfiɗawa, fara baza bututun a rana na ɗan lokaci ya saki jiki, don in ka kwance shi daga naɗi yanzu yanzu murɗewa zai dinga yi yana maka gardama. Babban bututu, milimita 20 ko 25 ya ishi lambun gida, ya bi ta kan fangalolin, sai layukan ɗigo su fita daga jikinsa. Ka huda da abin hudar da ake sayarwa tare da kayan, ba ƙusa ba, don hudar ƙusa bata zagaye kuma zata dinga yoyo har abada, ka cusa ɗan zoben roba mai hana yoyo sannan mahaɗin. In bakin bututu yaƙi shiga mahaɗi tsoma shi a ruwan zafi na 'yan daƙiƙu zai shige sumul, kada ka shafa mai. Tumatir da tattasai layi ɗaya ga kowane jerin shuka, ɗan nesa da kara kamar faɗin tafin hannu don kada gindin ya zauna cikin laima ya ruɓe. Albasa da karas da latas da ake shukawa a cushe, layi biyu ko uku a fangali mai faɗin mita 1. Idanun su kalli sama, saboda datti a ƙasan bututu yake kwanciya. A tsarin duro kada layi ya wuce mita 15 zuwa 20. Ka lanƙwasa waya kamar ƙugiya ka dinga danne bututun duk bayan mita 1 ko 2, amma kada ka ja shi tam, baƙar roba tana miƙewa da zafin rana ta tsuke da dare.

Kada ka rufe ƙarshen layuka tukuna. Buɗe ruwa ka bar shi ya fita ta ƙarshe har ya wanko ɓarɓashin roba da ƙasar da suka shiga lokacin aiki, sai ruwan ya fito fes sannan ka rufe. Rufewar ma ba sai ka sayi komai ba, ninka bakin sau biyu ka zura masa ɗan guntun bututu ya riƙe, duk sanda zaka wanke sai ka zare.

Toh ga lissafin da nace. Ruwa mai zurfin milimita 1 a kan murabba'in mita 1 daidai yake da lita 1. Kayan lambu da suka girma a lokacin zafi sukan sha milimita 5 zuwa 8 a rana, lokacin sanyi ko suna ƙanana ƙasa da haka sosai. Ɗauki fangali mai faɗin mita 1 tsawon mita 10, murabba'in mita 10 kenan, in muka ce milimita 6 to lita 60 yake so a rana. Ka sa masa layi biyu masu ido kowane santimita 30, kowane layi ido 33, duka 66. In kowane ido lita 2 yake bayarwa a awa, lita 132 kenan a awa, kaga ƙasa da rabin awa ya ƙoshi. Amma nan ne mai duro ke ruɗuwa, domin lita 2 ɗin da aka rubuta a bar 1 aka auna shi. A duro mai tsayin mita 1 idon nan bai fi ya bada kashi ɗaya cikin uku na abinda aka rubuta ba, wato duka fangalin lita 40 da 'yan kai a awa, sai ya kwashe kusan awa ɗaya da rabi kafin ya bada lita 60 ɗin, a mita 2 kuma kusan awa ɗaya. Kuma yayin da duron ke raguwa ƙarfin ma raguwa yake. Daɗin duro dai shine kana ganin abinda ya fita, lita 200 zai ɗauki fangali uku irin wannan a rana, in ya ƙare ka san an sha.

Kada ka yarda da rubutun jikin leda kawai, gwada da kanka. Tona ɗan rami ƙarƙashin ido na farko da na tsakiya da na ƙarshe, sa kofi a kowanne, bar ruwa minti 15, auna ka ninka sau 4, ka samu na awa. In na ƙarshe ya gaza na farko da abinda ya wuce kashi 10 cikin 100 to ko layin yayi tsawo, ko duron yayi ƙasa, ko ka buɗe layuka da yawa lokaci ɗaya, sai ka dinga basu ɓangare ɓangare.

Abinda zai fi damunka a makon farko shine idonka. Zaka leƙa lambu kaga saman ƙasa a bushe sai 'yan da'irori masu duhu a gindin kowane ido, ranka ya ce maka ai shukar nan ƙishi take ji, ka ƙara awa biyu, washegari ka ƙara, kafin kace me ganye ya fara rawaya saiwa ta shaƙe don babu iska a ƙasar. Ba'a duba ban ruwan ɗigo daga sama. Bayan ka kashe ruwa da 'yan awanni tona kusa da shuka kamar santimita 15 zuwa 20, ɗebo ƙasar ka dunƙula, in ta dunƙulu tayi sanyi a hannu bata ɗiga ba to daidai ne, in ta wargaje ƙara lokaci, in ruwa na tsattsafowa tsakanin yatsunka rage. Kuma yaushin ganye da tsakar rana ba kullum yake nufin ƙishi ba, duba shi da sassafe, in ya miƙe lafiya lau yake. Ka fi bada ruwa da safe, da rana ruwan da ya kwanta a baƙin bututu yakan yi zafi sosai. Tumatir musamman yana son tsari ɗaya, yau ƙishi gobe ambaliya shi ke sa 'ya'yan su tsage ko gindinsu yayi baƙi ya ruɓe.

Irin da ake shukawa kai tsaye kamar karas, ɗigo kaɗai baya jiƙa saman ƙasa yanda zai tsiro bai ɗaya, don haka yayyafa masa da hannu har ya fito yayi ɗan ƙarfi sannan ka bar wa bututu aikin. Dashe ma ranar farko bashi ruwa da hannu ƙasa ta kama saiwar. Bayan komai ya zauna rufe bututun da busasshiyar ciyawa ko ganye, laima zata daɗe, robar ma ta huta da rana.

Ana iya bada taki ta cikin ruwan, kuma yana da kyau don yana zuwa daidai inda saiwa take, amma sai wanda ke narkewa tas kamar yuriya ko wanda aka yi musamman don haka. Takin ƙwaya na gama gari yana barin gari a ƙasa, narka shi a bokiti daban ka bari ya kwanta ka tace da ƙyalle in dole sai shi. Kada ka haɗa mai sinadarin kalsiyam da mai fosfet ko salfet a ruwa ɗaya, suna haɗuwa su zama farin gari su toshe komai. Ruwan takin dabbobi kuwa ni bazan sa shi a bututu ba sam, zuba shi da hannu. Duk sanda ka bada taki bi shi da ruwa zalla na 'yan mintuna. Wani abu kuma da ba'a cika faɗa ba, gishirin cikin ruwa da na taki yana taruwa ne a bakin da'irar da ta jiƙe, zaka ga wani fari fari a gurin, in ruwan sama kaɗan ya sauka sai ya turo shi cikin saiwa, shi yasa in an daɗe ba'ayi ruwa ba aka yi ɗan yayyafi gara ka kunna ɗigon ka, kuma tsakanin kaka da kaka ka jiƙa fangalin sosai ya wanke.

Sauran kula ce ta yau da gobe. Wanke filta duk mako, in ruwanka mai datti ne ma duk bayan kwana biyu, buroshin haƙori tsoho ya isa. Zare ƙarshen layuka duk bayan mako biyu zuwa wata ka bar ruwa ya wanke. Lokacin da ruwa ke tafiya ɗan zaga ka duba, inda kaga tsartuwa ko taɓo to ɓera ne ya ciza ko fartanya ta taɓa, yanke gurin ka haɗa da mahaɗi, shi yasa yana da kyau ka ajiye mahaɗai biyar shida a gefe tun ranar da kayi sayayya. Idanun da ake maƙalawa in farin dutsen ruwa ya toshe su cire su ka jiƙa a ruwan khal, wato binega, su kwana. In kaka ta ƙare wanke layukan, tsiyaye ruwan ciki, naɗe su ba tare da ka karya ba ka rataye a inuwa inda ɓera bazai kai ba, wanda kuma yake ƙasar da ruwa ke ƙanƙara ya cire filta da taima da regileta ya shigar dasu ɗaki kafin sanyi ya shigo, don ruwan da ya daskare a ciki fasa su yake.